Murabus, Gudu ko Ƙwace: Tarihin Barin Gadon Sarauta a Ingila

Tarihin sarautar Ingila ya ƙunshi sarakuna da dama waɗanda suka rabu da gadon mulki tun suna da rai, kuma a kusan kowane karo masu shari'a da 'yan majalisa sun sha wahala wajen zaɓen sunan da za a ba wannan rabuwa, domin a dokar ƙasar sunan da aka laƙaba wa rabuwar mutum da abin hannunsa shi ke yanke hukunci a kan abubuwa uku, wato ko da son ransa ya bari, ko laifi ne ya jawo masa, da kuma ko shi da 'ya'yansa suna da sauran haƙƙin dawowa su nema. Kalmomi huɗu ne suka fi yawo a bakin masu mulki a irin waɗannan lokuta. Ta farko ita ce abdicate, wadda ta yi daidai da murabus, inda mai sarauta ke sauka da kansa. Ta biyu ita ce surrender, wato miƙa abu ga wanda ya fi ƙarfi ko wanda ya ba da shi tun asali. Ta uku ita ce desert, wato mutum ya tafi ya bar abin da aka ba shi amana ba tare da ya ce ya saki ba. Ta huɗu kuwa ita ce forfeit, wato rasa abu a matsayin sakamakon laifi, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba.

Babu ko ɗaya daga cikin kalmomin nan huɗu da ta samo asali daga tsohon harshen mutanen Ingila. Bayan da Normawa, waɗanda suka fito daga arewacin Faransa, suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu na tsawon ƙarnuka, Latin kuma ya zama harshen rubuta kundin shari'a, don haka uku daga cikin kalmomin ta hanyar Faransanci suka shigo, yayin da ta murabus aka ɗauko ta daga Latin, inda Rumawa suke amfani da ita idan mai muƙami ya ajiye muƙaminsa ko uba ya sallama ɗansa. Kalmar ƙwace kuwa, wato forfeit, a tsohon Faransanci ma'anarta laifin kansa ne, sai daga baya ta koma nufin abin da ake rasawa saboda laifin.

Dukiya da gonaki

Tun kafin a fara auna sarakuna da waɗannan kalmomi, sarakunan ne suke auna talakawansu da su. A tsarin mallakar ƙasa da Normawa suka kafa, dukkan ƙasar Ingila ta sarki ce, manyan masu sarauta kuma suna riƙe da yankunansu ne bisa mubaya'ar da suka yi masa, saboda haka wanda ya ci amanar sarki ya warware igiyar da ta ɗaure shi da gonakinsa, sai su koma hannun sarki. Dokar cin amanar sarki ta 1351 ta zayyana laifuffukan da ke jawo wannan hukunci, waɗanda suka haɗa da ƙulla kashe sarki, da ɗaukar makami a kansa, da mara wa abokan gabansa baya. Abin da ya fi tsanani a hukuncin shi ne ƙa'idar da suke kira gurɓatar jini, wadda ta ce mai laifin ba ya gado kuma ba a gadonsa, ta yadda 'ya'yansa da ba su ji ba, ba su gani ba, sukan wayi gari ba gida ba gona. Wannan doka ta ƙwace dukiyar mai laifi ta daɗe tana aiki, sai a 1870 majalisa ta soke ta.

Masu mulki sun gane da wuri cewa abin da aka miƙa ya fi abin da aka ƙwace sauƙin riƙewa, tun da wanda ya sa hannu da kansa ba shi da bakin ƙara. Lokacin da Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Fafaroma ya kuma ƙuduri aniyar karɓe gidajen 'yan zuhudu, waɗanda yawansu ya haura 800 kuma suke riƙe da gonaki masu tarin yawa, ya rufe ƙananan da dokar majalisa a 1536, amma manyan sai ya tura jami'ansa gida-gida su karɓo takardar miƙawa daga shugaban kowane gida da mabiyansa, tare da alkawarin fansho ga waɗanda suka sa hannu. Shugabannin gidajen Glastonbury da Reading da Colchester, waɗanda suka turje, an tuhume su da cin amanar sarki aka rataye su a 1539, gidajensu kuma suka shiga hannun sarki ta hanyar ƙwace. Gidan Waltham, wanda shi ne na ƙarshe, ya miƙa kansa a watan Maris na 1540. Irin wannan dabara ce Sarki Charles na Biyu ya yi wa garuruwa, domin bayan da kotu ta yanke a 1683 cewa birnin Landan ya rasa takardar 'yancinsa saboda laifi, garuruwa da yawa sun yi gaggawar miƙa tasu da hannunsu don a ba su sabuwa, wadda ta ba sarki damar cire jami'an garin da bai gamsu da su ba.

Sarakunan da aka sa su sauka

Matsalar ta fi wuya idan wanda ake so a raba da abin hannunsa shi ne sarkin da kansa, domin kotunan ƙasar da sunansa suke zama, majalisa kuma da kiransa take taruwa, ga shi an shafe shi da mai a coci ranar naɗinsa, abin da ya sa ake ganin sarautarsa daga Allah take. A 1326 matar Sarki Edward na Biyu, Isabella, tare da Roger Mortimer, suka shigo ƙasar da mayaƙa, aka kama sarkin aka tsare shi a gidan ganuwa na Kenilworth. Taron manyan ƙasa da aka yi a Westminster a watan Janairun 1327 ya yarda cewa bai cancanci mulki ba, amma duk da haka sai da aka tura masa tawaga ta shaida masa cewa idan bai sauka ba ana iya tsallake ɗansa a ba wani bare sarautar. Da ya amsa, sai Sir William Trussell ya janye mubaya'ar jama'a a madadinsu, sarkin gidansa kuma ya karya sandar muƙaminsa, alamar cewa fadar ta watse. Sanarwar da aka yi wa talakawa ta nuna cewa sarki ne ya sauka da yardarsa ya bar wa ɗansa mai shekara 14, wanda ya zama Edward na Uku, shi kuwa tsohon sarkin bai ƙare wannan shekara da rai ba, domin ya mutu a tsare a Berkeley cikin watan Satumba.

Abin da ya faru da Richard na Biyu a 1399 ya ƙara fito da shakkar da ke zukatan masu tuɓe sarki. Rikicin ya samo asali ne daga ƙwace, domin da baffansa John na Gaunt ya rasu, Richard ya hana ɗan mamacin, Henry Bolingbroke, gadon gidan Lancaster, shi kuwa Henry ya dawo daga gudun hijira da sunan neman haƙƙinsa, ya ƙare da kama sarkin ya tsare shi a Hasumiyar Landan. Kundin hukuma ya ce a ranar 29 ga Satumba Richard ya karanta takardar saukarsa da sakin fuska, amma wasu marubutan zamanin da ba sa ƙarƙashin sabon sarki sun nuna cewa tilasta masa aka yi. Washegari, bayan an karanta takardar a gaban taro an karɓe ta, sai kuma aka karanta tuhume-tuhume 33 a kansa, aka zartar da hukuncin tuɓe shi. Haɗa murabus da tuɓewa a zama ɗaya ya nuna cewa masu abin ba su amince da ƙarfin ko wanne shi kaɗai ba, domin saukar da aka samo daga ɗaurarre ana iya musanta ta, tuɓewa kuma ba ta da gurbi a dokar da suka sani. Richard ya mutu a tsare a Pontefract a farkon 1400.

A maƙwabciyar ƙasa Sikotlan, raunin saukar dole ya fito fili a 1567, lokacin da manyan ƙasar suka tsare Sarauniya Mary a wani tsibiri da ke tafkin Lochleven suka sa ta sa hannu a takardar barin sarauta ga ɗanta James mai shekara ɗaya. Da ta kuɓuta a watan Mayun 1568, abin da ta fara yi shi ne soke takardar bisa hujjar cewa an karɓe ta ne da barazana, nan take kuma dubban mutane suka taru a bayanta, sai da aka ci ta da yaƙi a Langside kafin maganar ta mutu. Yi wa sarki mai ci shari'a a fili kuwa Ingila ta gwada shi sau ɗaya, inda aka gurfanar da Charles na Farko aka fille masa kai a ranar 30 ga Janairun 1649, amma da sarauta ta dawo a 1660 sai doka ta ɗauki duk abin da aka yi a matsayin haram, aka fara ƙidayar mulkin ɗansa daga ranar mutuwar uban. Tsoron maimaita wannan fitina shi ne abin da ke zukatan waɗanda suka fuskanci rikicin 1688.

Muhawarar 1689

James na Biyu ya hau gadon sarauta a 1685 yana ɗan Katolika a ƙasar da mafi yawan mutanenta 'yan Furotesta ne, kuma an yi haƙuri da shi da farko saboda masu jiran gadonsa, 'ya'yansa mata Mary da Anne, 'yan Furotesta ne. Sai dai ya riƙa dakatar da dokokin majalisa da ikon kansa, yana naɗa 'yan Katolika a manyan muƙaman soja da na mulki, har ya gurfanar da manyan limaman cocin Ingila bakwai a kotu saboda sun ƙi karanta sanarwarsa. Da aka haifa masa ɗa namiji a ranar 10 ga Yunin 1688, wanda bisa al'ada zai sha gaban yayyensa mata, sai manyan ƙasa bakwai suka rubuta wa mijin Mary, William na Orange, shugaban Holan, suka gayyace shi ya zo da runduna. William ya sauka a Torbay a ranar 5 ga Nuwamba, manyan hafsoshin James suka riƙa komawa wajensa, shi kuwa James ya sulale daga Landan a ranar 11 ga Disamba, ya jefa babban hatimin masarauta cikin kogin Thames, da nufin kada a sami abin da za a kira majalisa da shi. Masunta sun kama shi a Faversham aka maido shi Landan, amma William, wanda ba ya son ɗaurarren sarki a hannunsa, ya bar masa ƙofa a buɗe, ya sake fita a ranar 23 ga Disamba ya isa Faransa wajen Sarki Louis na Sha Huɗu.

Taron da ya zauna a ranar 22 ga Janairun 1689 ba a kira shi cikakkiyar majalisa ba, tun da ba sarki ne ya kira shi ba, amma ya ƙunshi zauruka biyu kamar yadda aka saba, wato Majalisar Wakilai ta zaɓaɓɓu da Majalisar Masu Sarauta, wadda ta haɗa masu sarautar gado da manyan limaman coci. 'Yan majalisar sun kasu gida biyu. 'Yan Whig suna ganin akwai alkawari tsakanin sarki da jama'a, kuma sarkin da ya karya shi ya zubar da haƙƙinsa, su kuwa 'yan Tory sun shafe shekaru suna koyar da cewa sarauta gado ce daga Allah, ba a ɗaga wa sarki hannu ko da azzalumi ne. A ranar 28 ga Janairu Majalisar Wakilai ta zartar da ƙuduri mai cewa James ya yi ƙoƙarin rushe tsarin mulkin ƙasa ta hanyar karya alkawarin asali da ke tsakanin sarki da jama'a, ya keta manyan dokoki bisa shawarar miyagun mashawarta, ya kuma fice daga ƙasar, don haka ya yi murabus, gadon sarauta kuma ya zama babu kowa a kai. An tsara jimlar ne ta yadda kowane ɓangare zai tsinci abin da zai riƙe, domin farkonta tuhuma ce irin wadda ke kai wa ga ƙwace, tsakiyarta labarin gudu ne, ƙarshenta kuma ya kira duka abin da sunan murabus, alhali James bai taɓa cewa ya sauka ba, yana ma aiko da wasiƙu daga Faransa a matsayin sarki.

Majalisar Masu Sarauta ba ta karɓi wannan cikin sauƙi ba. Da farko an kawo shawarar a bar wa James sunan sarki a naɗa muƙaddashi ya riƙe mulki a madadinsa, kamar yadda ake yi idan sarki yaro ne ko ya sami taɓin hankali, shawarar kuma ta faɗi da ƙyar, da ƙuri'a 51 a kan 49. Daga nan sai suka cire kalmar murabus suka sa ta gudu a gurbinta, suka kuma ƙi amincewa da cewa gadon babu kowa a kai, da ƙuri'a 55 a kan 41. Hujjarsu ita ce murabus aiki ne da mutum ke yi da bakinsa da son ransa, kalmar kuma baƙuwa ce a dokar gargajiyar Ingila, sannan gadon sarauta ba ya zama wofi ko na ƙiftawar ido, domin da sarki ya kau magajinsa ya riga ya zama sarki. Abin da ke ƙarƙashin wannan hujja shi ne, idan aka yarda gadon ya zama wofi, to majalisa ce za ta cike shi, sarautar gado kuwa ta koma ta zaɓe ke nan.

A zaman haɗin gwiwa da zaurukan biyu suka yi a ranar 6 ga Fabrairu, wakilan zaɓaɓɓu, musamman lauya John Somers, sun kafa hujja da littattafan masana dokar Rumawa da na masanin shari'a Hugo Grotius cewa mutum yana iya barin muƙami da aikinsa ko da bai furta ba, matuƙar ya aikata abin da ba ya haɗuwa da riƙon muƙamin. Sun kuma nuna haɗarin kalmar gudu, domin wanda ya gudu ya bar gidansa bai fasa zama mai gidan ba, duk ranar da ya ga dama yana iya dawowa ya buɗe ƙofa, wanda hakan na nufin duk wanda ya taimaki William zai zama maci amana a ranar da James ya dawo. Game da magaji kuwa, sun tuna wa masu sarauta ƙa'idar shari'a cewa ba a gadon mai rai, kuma idan za a bi layin gado tsantsa, jaririn da ke Faransa ne zai hau, wanda yawancin 'yan majalisar suka gwammace su kau da kai daga gare shi bisa jita-jitar da aka baza cewa ba sarauniya ce ta haife shi ba. Sai dai ba hujjar lauyoyi kaɗai ce ta kashe maganar ba, domin William ya riga ya shaida wa manyan ƙasa cewa ba zai zama muƙaddashi ba, ba kuma zai zauna ƙarƙashin matarsa ba, idan ba a ba shi sarauta ba zai kwashe rundunarsa ya koma Holan, ita ma Mary ta ƙi yarda ta yi mulki ita kaɗai, Anne kuma ta amince William ya riga ta. A ranar ce masu sarauta suka sauko, a ranar 13 ga Fabrairu kuma aka miƙa wa William da Mary sarauta tare, bayan an karanta musu takardar haƙƙoƙin jama'a, wadda ta zama doka a watan Disamba, ta kuma haramta wa sarki dakatar da doka, ko karɓar haraji, ko riƙe sojoji a lokacin zaman lafiya ba da yardar majalisa ba.

Sikotlan, wadda James yake sarautarta da sunan James na Bakwai, ta bi wata hanyar dabam. Maganar gudu ba ta da ƙarfi a can tun da sarkin dama ba a ƙasar yake zaune ba, magoya bayansa kuma sun fice daga taron da aka yi a Edinburgh, don haka a watan Afrilun 1689 taron ya jera laifuffukansa ya yanke kai tsaye cewa ya rasa haƙƙin sarauta saboda su, da kalmar ƙwace wadda ake yi wa maci amana hukunci da ita. Ta haka mutum ɗaya, a kan aiki ɗaya, ya zama wanda ya yi murabus a Landan, wanda aka ƙwace wa sarauta a Edinburgh, a wajen mabiyansa kuwa sarki ne da aka kora da zalunci. Babban limamin Canterbury, William Sancroft, tare da limamai kusan 400, sun ƙi yin mubaya'a ga sababbin sarakuna saboda rantsuwar da suka yi wa James tana wuyansu, aka raba su da muƙamansu. James ya gwada dawowa ta Ailan aka ci shi a yaƙin kogin Boyne a 1690, ya mutu a Faransa a 1701, ɗansa da jikansa kuma suka tayar da ƙayar baya a 1715 da 1745, har aka murƙushe su a Culloden a 1746, inda bayan kowane tawaye aka ƙwace gonakin manyan da suka bi su.

Murabus na gaskiya

Sai a 1936 Ingila ta ga sarkin da ya sauka bisa zaɓin kansa. Edward na Takwas, wanda ya hau a watan Janairun shekarar, ya nace sai ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da aurenta na farko ya mutu kuma take neman rabuwa da mijinta na biyu, abin da gwamnatin Stanley Baldwin da cocin Ingila suka ce ba zai yiwu ga mai riƙe da sarauta ba. A ranar 10 ga Disamba ya sa hannu a takardar sauka a gaban ƙannensa uku, amma takardar ba ta yi aiki ba sai da majalisa ta mai da ita doka washegari, dokar da ta cire shi da duk zuriyar da zai haifa daga layin gado, aka kuma nemi amincewar ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu waɗanda suke tarayya a sarautar. Wannan ya nuna nisan tafiyar da aka yi tun 1689, domin tun da dokar majalisa ta 1701 ce ta tsara layin gado, sarki ba shi da ikon ko da barin sarautar sai da izinin majalisa. Irin wannan ra'ayi na cewa muƙami nauyi ne da ba a ajiye shi da ganin dama ya rage har yau a Majalisar Wakilai, inda ƙudurin 1624 ya hana ɗan majalisa yin murabus, don haka mai son sauka sai ya nemi a naɗa shi wani tsohon muƙamin sarki wanda ba shi da aiki, kamar wakilcin yankin Chiltern, naɗin kuma ya haramta masa kujerar.

Inda tarihin ya taɓa ƙasar Hausa

Jami'an Ingila da suka ci daular Sakkwato da yaƙi sun taso ne cikin wannan tarbiyyar shari'a, sun kuma tarar da ƙasar da take da nata bambance-bambancen tsakanin murabus da tuɓewa da hijira. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Sarki Umaru ɗan Kanajeji, a farkon ƙarni na 15, wanda wa'azin wani abokinsa malami ya sa ya tara Kanawa ya ajiye sarauta ya koma ga ibada, a ƙarni na 19 kuma Sakkwato ta tuɓe sarakunan Zazzau fiye da sau ɗaya. A watan Maris na 1903 Lugard, shugaban jami'an Turawan, ya shaida wa manyan Sakkwato cewa duk ikon da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Turawa saboda an ci su, har da ikon naɗa sarki da tuɓe shi. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, wanda ya nufi gabas da jama'arsa, Turawa sun ɗauke shi a matsayin wanda ya gudu ya bar gado, suka naɗa Attahiru na Biyu cikin 'yan kwanaki, amma dubban mutanen da suka bi shi har Burmi, inda aka kashe shi a watan Yuli, hijira suke yi a bayan shugaban da mubaya'arsa ke wuyansu. Sarakunan da aka tuɓe a fili, irin su Sarkin Kano Alu da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Lakwaja aka kai su. Daga baya kuwa masu mulki sun fi son a ce sarki ya yi murabus, kamar yadda aka yi da Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari a 1931, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Farko a 1963, wanda ya sauka bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare da zama.

Abin da wannan dogon tarihi ke koyarwa shi ne cewa sunan da ke cikin kundin hukuma sau da yawa yana bayyana bukatar wanda ya rubuta shi fiye da abin da ya faru, domin daga Edward na Biyu zuwa James na Biyu babu sarkin Ingila ko ɗaya da aka ce ya yi murabus wanda yake da cikakken ikon ƙin yin sa. Ba za a musanta amfanin da lafazin 1689 ya yi ba, tun da ya ba mutanen da suka rantse ba za su taɓa tuɓe sarki ba hanyar da za su bi sabon sarki ba tare da sun ƙaryata kansu a fili ba, ya kuma taimaka wajen kare Ingila daga sabon yaƙin basasa, ko da yake Ailan da Sikotlan sun zubar da jini mai yawa. Amma ladabin lafazi yana da tsadarsa, domin idan aka kira tuɓewa murabus, an ɗauke wa masu tuɓewar nauyin kawo hujja a bainar jama'a, an kuma hana wanda aka tuɓe damar kare kansa. Wajibin mai nazarin tarihi, a Ingila ko a ƙasar Hausa, shi ne duk inda ya ga an rubuta cewa wani ya bar sarauta ko ya miƙa dukiya, ya bincika wane ne ya tsara takardar, a ina mai sa hannun yake zaune lokacin da ya sa, da kuma abin da zai same shi ko 'ya'yansa da ya ƙi.